Ku tambayi Kawu: wai ina masu zanen Damagaram suka shige ne?

Salamu alaikum jama'a. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk maganar zane ce da masu zane, kuma na san ni na jawo wa kaina, tun da na yi suɓutar baki a fitowar da ta wuce na ce na sayi tablo, wato zanen fenti da ake ratayawa a bango, jika goma sha biyar har uwargida ta yi kwana biyu tana aje mini tuwo ba ko sannu. To ga waɗanda na samu amsawa, wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri.

TAMBAYA: Kawu barka da warhaka. Ni ɗaliba ce a jami'ar André Salifou amma a Yamai na tashi, can muna yawan zuwa kallon ekspo, wato baje kolin zane, ni da ƙawayena, ko a gidan tarihi na Bubu Hama ko a wani otel. Yau shekarata biyu a Zinder wlh ko afish ɗaya na sanarwa ban gani ba. Wai babu artis ne a garin nan ko ni ce ban san hanya ba?

AMSA: Ƴata ke ce ba ki san hanya ba, amma ba laifinki ba ne, hanyar ce ba a kafa mata allo ba. In abin da kike nema shi ne ɗaki mai farin bango da sanyin kilim an jera tablo kowane da ƴar takardarsa a gefe mutane na zagayawa da kofin jus a hannu suna gyaɗa kai kamar sun gane, to wannan kam sai jefi-jefi, kuma ko an yi sau da yawa sai an kwashe kaya sannan ki ji labari a bakin wani.

Wuraren da ake rataya aiki in an tashi ba su da yawa, za ki iya ƙirga su da yatsun hannu guda. Akwai gidan tarihi na jiha wanda muke ce ma mize, akwai gidan matasa da al'adu na Abdu Salam Adam, akwai wurin masu sana'ar hannu inda dukawa da maƙeran fari suke, sai kuma wurin da kowa ya sani da CCFN, wato cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar. Shi wannan na ƙarshen shekara da shekaru shi ne bangon da masu zanenmu suka fi samu, shi ya sa da aka banka masa wuta ran 16 ga Janairu 2015 lokacin zanga-zangar nan ta zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta yi, ba littattafai kaɗai aka yi asara ba, yaran da ke zuwa can koyon riƙe fensir su ma sun rasa wurin zama. Sai kuma aka zo aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka raba gari da Faransa, har cibiyar ta can Yamai aka cire mata sunan Bafaranshe mai fim Jean Rouch aka sa na namu mai fim Mustafa Alasan. Ni ba siyasa nake yi a wannan fili ba, abin da na gani kawai shi ne mun daɗe muna rataya tablonmu a ƙusar wani, ran da mai ƙusa ya zare abinsa sai muka tsaya riƙe da kaya a hannu muna kallon juna.

Dan haka ga yadda ni nake yi. Ki je waɗannan wuraren da ƙafarki ko da ba a komai, ki gaida mai gadi da kyau ki tambaye shi iyali, dan wallahi mai gadi ya fi afish sanin abin da za a yi sati mai zuwa tunda shi za a sa ya share zauren. Ki karɓi lambar wanda ke kula da shirye-shirye. Daga nan ki samu lambar mai zane ɗaya tak, ɗaya ya isa, dan su duka sun san juna kuma duk abin da suke ciki a status na WhatsApp yake fita, wasu kuma Facebook. Ki riƙa kunna rediyon gari da safe wajen sanarwa. Sannan ki sa ido lokacin bukukuwa, 3 ga Agusta ranar ƴancin kai da 18 ga Disamba ranar Jamhuriya da makon Sallah, dan a nan ake ɗan sakin kuɗin al'adu. Waɗanda suka ga Zinder Sabuwa a 2018, da aka yi bikin cikar Jamhuriya shekara 60 a nan, za su gaya miki yadda masu fenti da magina suka yi ta aiki ba dare ba rana, bayan biki kuma aka koma gidan jiya.

Amma ainihin abin ba a zaure yake ba. Akwai wani yaro da nake zuwa wurinsa can wajen kasuwar Dole, in kin wuce shagon za ki ce mai rubuta allon shago ne kawai, kuma shi ɗin ne, shi ke zana wa masu aski kawunan nan da ake jerawa a allo da kaza da kifi na masu gargot da lambar bayan mota. Na fi shekara ina zama a bencinsa muna shan shayi kafin wata rana iskar hunturu ta bugo ƙofar langa-langar ta rufe, sai ga tablo kusan goma jingine a bayanta duk sun juya wa mutane baya suna kallon bango. Na ce kai miye wannan, ya ce a'a Kawu wasa ne kawai. Na juyo ɗaya. Layin bido ne masu ruwan ɗorawa a bakin pampo, irin layin da duk ɗan Damagaram ya sani in bazara ta yi, babu mutum ko ɗaya a ciki sai bidon da inuwarsu doguwa ta yamma da takalmin roba ƙafa ɗaya da wani ya aje ya kama layi. Ƙasan kuma ba fenti ba ne, jar ƙasa ce ya tankaɗe ya kwaɓa da gam ya shafa, in kin taɓa za ki ji tsakuwa-tsakuwa. Na daɗe a tsaye har shayina ya huce. Shi ne tablon da ya jawo mini fushin uwargida, yanzu kuma in baƙi sun zo ita ke fara nuna musu.

Irinsa suna nan, malamin zane a kwaleji, mai buga riga, mai sutudiyon hoto da ke ɗaukar amare da rana da yamma ya hau duwatsun tsohuwar unguwar Birni da kamara. Ki riƙa tambayar su mi suke yi in ba aikin kwastoma ba, kar ki ce ina son in ga aikinka na artis dan za su ji kunya su ce babu. In an nuna miki kar ki yi saurin ciro salula, ki nemi izini, kuma ki tafi da ƙawa ko ɗan'uwa kin san garin namu da baki.

TAMBAYA: Malam ni magidanci ne a Zango, na gaji gidan mahaifinmu mai zane a fuskar zaure. Yarana sun dame ni wai in kankare a yi siminti a manna karo, wato tayil, irin na zamani. Kai da kake ta maganar zanen zamani, wannan ai tsohon yayi ne ko?

AMSA: Alhaji ranka ya daɗe, dan girman Allah kar ka kankare. In yaran sun matsa ka turo su wurina.

Abin da ke fuskar zaurenka shi ne abin da ake sanin Zinder da shi a duniya. Birni da fadar Sarkin Damagaram, wadda ginin ta ya samo asali tun wajajen 1850 zamanin Sarki Tanimun, suna cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO tun 2006 dan neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, kuma gidajen attajiran Zango da suka ci kasuwar ayari su ne suka fi kowa ado. Garin da ya riƙe babban birnin ƙasa har 1926 kafin a maida Yamai, in aka kankare bangayensa mi ya rage mu nuna?

Maganar tsohon yayi kuma ban yarda ba. Maginin da ya yi wa mahaifinka aiki ba kwafar na kakansa ya yi ba, ya ɗauki dagi da sauran ƙulle-ƙullen da ya gada ya ƙara abin da idonsa ke gani a zamaninsa, shi ya sa a ƙasar Hausa za ka ga bangon da aka sa wa keke ko agogo ko takobi a tsakiyar ado. A ranar da aka gama shi sabon yayi ne fil, mutane sun tsaya kallo, ekspo kenan wadda ba a biyan kuɗin shiga kuma ba a kwashewa. Yanzu ma akwai masu yi a kan siminti tun yana ɗanye su tsaga zanen da wuƙa sannan a bi da fenti kala-kala, mai irin wannan hannun in yana raye yana aiki yau to shi ma mai zanen zamani ne ko bai taɓa jin kalmar ba.

Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne gyaran. Ginin tubali numfashi yake yi, in ka lulluɓe shi da siminti ko karo ruwan da ya shiga ta sama ko ta gindi ba shi da hanyar fita, sai ƙasar ta jiƙe a ciki tana ruɓewa kai kana ganin waje sumul, wata damina sai ka ji rim ɓangare guda ya sauko. Nemi tsohon magini wanda ya san makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, ya duba indararo da zankwaye kafin ruwa ya sauka, a yi yaɓe inda ya zaizaye, a bi layin zanen yadda yake. Ka sa ɗaya daga cikin yaran nan masu son karo ya ɗauki hoton kowane ɓangare kafin a taɓa, ya tsaya yana miƙa wa maginin kwaɓi, wataƙila ma ya koyi wani abu.

TAMBAYA: Kawu ni shekarata 19 ina Garin Malam, tun ina lakwal nake zane kowa na cewa na iya. Babana ya ce haramun ne kuma ba a cin abinci da shi, ya yaga mini kaye, wato littafin zanena, har biyu. Ina son in zama babban artis in je waje, mi zan yi?

AMSA: Ɗana fara da sauke murya a gaban mahaifinka, dan ba ƙinka yake yi ba tsoro yake ji, na lahira da na duniya, kuma duka biyun suna da tushe.

Na lahira tukun. Ni ba mai fatawa ba ne, amma abin da aka karantar da mu shi ne wani mutum ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas ya ce da yin surori yake ci, sai ya faɗa masa gargaɗin da ya ji daga Manzon Allah (SAW) a kan masu surantawa, da ya ga hankalin mutumin ya tashi sai ya ce masa in dole sai ka yi to ka yi itace da abin da ba shi da rai. A mazhabar Malikiyya da aka fi bi a nan abin da aka haramta kai tsaye shi ne mutum-mutumin abu mai rai, cikakke mai inuwa, na shafe a takarda ko ƙyalle an sassauta a kansa, wasu malaman kuma sun tsananta sun haɗa duka. Ka samu malamin da babanka ke ganin girmansa ku je tare, kar ka je da niyyar ka kayar da tsoho. Kuma ka lura filin da ba a jayayya a kansa ya fi wanda ake jayayya faɗi nesa ba kusa ba. Ka taɓa tsayawa ka kalli allon zayyana da ake yi wa mai sauka? Da tawada da alƙalamin kara da ja da ruwan ɗorawa gardi zai fitar da abin da in ka rataya a Dakar za a tsaya a kansa. Ga aska takwas a wuyan riga, ga adon gafaka da na sirdi wurin dukawa, ga ƙwarya, ga tukwanen Mirya nan kusa da mu. Mai zane Rissa Ixa da ake ji da shi a Yamai da adon Abzinawa da rubutun tifinag ya yi suna, kayan gidansu ya ɗauko. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar zane a Zariya a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, duk rigimarsu da malamansu Turawa a kan haka take, a koyi dabarar baƙo a zuba abin gida a ciki.

Na duniya kuma babanka ya fi ka gaskiya, a garin nan tablo kaɗai ba ya riƙe gida. Ka koyi sana'ar da ke maƙwabtaka da shi, rubutun allo, buga riga, tsara kati da afish a kwamfuta, fentin gida, ka shiga hannun wani ubangida ka yi wankin buroshi shekara ɗaya ko biyu. Ranar da ka kawo wa tsoho kuɗin cefane daga buroshi maganar za ta sauya launi.

Zuwa waje kuma a hankali. Babban taron Dakar da ake ce ma Dak'Art duk shekara biyu ake yi, na masu hoto a Bamako tun 1994 ake yin sa, Legas ma suna da kasuwar zane ta Art X tun 2016, kuma duk ba wanda zai kira ka sai ya ga tarin aiki mai kama da na mutum guda, ba Bob Marley yau gobe ɗan ƙwallo jibi sarki ba. Yi ashirin a kan abu ɗaya da ka sani kamar tafin hannunka. Kano ma ta Matamai da Daura ba ta kai kilomita 300 ba, can za ka fi samun kayan aiki, in Allah ya hore ka ƙarasa Zariya ka ga sashen zane na jami'ar Ahmadu Bello da idonka. Kayen da suka rage kuma ka kai ajiya ɗakin innarka.

TAMBAYA: Ni ƴar kasuwa ce, na ga wani tablo ya burge ni zan sa a salon, yaron ya ce jika arba'in. Haba Kawu, katako huɗu da ƙyalle da fenti? Na taya jika biyar ya ɓata rai.

AMSA: Hajiya ai dole ya ɓata rai. Ke da kike saida shadda, in aka kawo miki riga mai aikin hannu da aka yi wata biyu ana ɗinki wani ya taya kuɗin yadi da zare kaɗai ya za ki ji? Fentin kirki na tub ba a nan ake yin sa ba daga Kano ko Yamai ake kawowa, ga kadir wurin kafinta, ga kwanakin da ya yi bai karɓi aikin kwastoma ba. Tayi ba laifi ba ne a kasuwa muke, amma a yi na mutunci, in ya ce arba'in ki ce talatin ko ki ce zan ba ka rabi yanzu rabi ƙarshen wata, yawancinsu za su yarda da murna. In kuɗin bai kai ba ki tambayi ƙarami ko zanen takarda. Ki sa ya sa hannu da shekara, ki rataya nesa da taga da hayaƙin turaren wuta.

Kuma bari in faɗa miki abin da ke ci mini rai. Da can masu sayen kayan nan baƙi ne, ƴan yawon buɗe ido da ma'aikatan proje, yanzu ƙafarsu ta ɗauke saboda halin tsaro da sauran abubuwa, saura mu. Mu kuma za mu kashe kuɗi a labule da fulawar roba da hoton wani ruwa mai gangarowa na ƙasar da ba mu taɓa zuwa ba, na ɗan unguwa kuma mu ce ya ba mu kyauta ai talla ce. Na taɓa raka wani yaro kai aiki shida wata ekspo da wani ofis ya shirya, aka yi jawabai aka ci aka sha aka ɗauki hoto da manya, bayan sati biyu muka je kwasowa biyar muka tarar, ɗaya wai wani babba ya ce ya yi masa kyau an sa masa a mota. Har yau ko dala. Tun daga ranar duk wanda zai kai aiki nake ce masa ya rubuta jerin kayansa da farashi a takarda biyu a sa masa hannu da tambari kafin ya sauke su daga kabu-kabu.

TAMBAYA: Kawu fim ɗin nan da aka yi a kan ƴan pale, gungun matasan nan na unguwar Kara-Kara, ba ɓata mana suna ya yi ba? Shi ma cikin fasahar yake?

AMSA: Ƙanena cikinta yake tsundum. Aisha Macky da ta shirya shi ƴar garin nan ce, fim ɗin ya fito a 2021 da sunan garin, kuma ya zaga manyan bukukuwan fim na duniya. Na san mutane da yawa sun ji zafi, ni ma da farko na ce duk ga fada ga hawan Sallah ga wasan kara sai Kara-Kara? Amma da na zauna na kalla har ƙarshe sai na ga yaran nan masu ɗaga ƙarfe da masu safarar esans ta bar su sun yi magana da bakinsu, abin da mu da ke wucewa ta gefensu kullum ba mu taɓa tsayawa mun yi ba. Ka kalla tukun in ba ka kalla ba, dan na lura rabin masu zagin guntun da ake turawa a waya kawai suka gani, sannan ka sake rubuto mini mu yi musun da kyau.

Sai kai mai lambar da ta ƙare da bakwai da ka turo mini hoto goma sha ɗaya na aikinka cikin dare kana tambaya ko ka iya. Ɗana ban ga komai ba sai hasken fulash da babban yatsanka da gefen katifa. Fitar da su waje da safe wajen ƙarfe takwas, ka jingina a bango cikin inuwa, ka goge gilashin kamarar da gefen riga, ka tsaya daidai tsakiya kar ka karkata, ka rubuto tsawo da faɗin kowane da abin da ka yi shi da shi. Na ukun nan mai kamar raƙumi a bakin tasha shi nake son in fara gani.